Hannun Inna

Dogo ya zagaya motar likitar dabbobi, ya dawo ya tsaya, ya sake tafiya. Tun da ta shigo gonar ya kasa zama. Hantsar shanunsa uku ta kumbura, madara na fita da gudaji, masu saye sun ce kada ya ƙara kawowa sai an gano tushen abin. Shi kuwa a ganinsa ya gama ganowa: awakin maƙwabcinsa ne masu tsallako shinge. Har gaisuwa sun daina, matansu ma sun shiga rigimar ba wanda ya gayyace su.

Likita ta ce ya ƙyale awakin mutane su sha iska. Wannan ƙwayar cuta, in ji ta, asalinta ta jikin ɗan Adam ce, tana zaune a hanci da fata ba ta damun mai ita. Sai dai a yawonta ta tsinci wani guntun ƙwayar halitta daga wata ƙwayar cuta 'yar'uwarta, shi ya ba ta ikon zama a hantsar saniya. Yanzu gida biyu gare ta. Cikin audugar da ta goga a hancin mutanen gidan makon jiya, ɗaya ce tak ta dace da abin da ke cikin madarar.

"Ta wa?" in ji Dogo.

"Ta mahaifiyarka."

Ya san yadda Inna ke tatsa. Feshin farko a tafin hannu take tarewa, ta jiƙe yatsunta, ta bi shanun ɗaya bayan ɗaya ba wanki ba gogewa, wai busasshen hannu yana cin nonon saniya. Haka surukarta ta koya mata. Ranar da ya kawo mata safar hannu kuwa, tambayarsa ta yi ko tiyata za ta yi.

Likita ta ce dole Inna ta bar tatsa har ta gama magani, kuma ko bayan nan ba da hannu tsirara ba, don abin yakan dawo. Ta shiga mota ta bar shi da aikin faɗa wa Inna.

Tsoro ya kama shi sosai. Tun rasuwar Baba, tatsar nan ce kaɗai ke fito da Inna daga ɗaki. Ya shiga sito ya gyara buhunan dusa da ba su nemi gyara ba. Ya leƙa kicin ya lallaɓi matarsa ta je ta faɗa, ta ce uwar ai tasa ce, ita ba ta gaji da zaman gidan ba tukuna. Ya nufi shinge da niyyar ba maƙwabci haƙuri, ya hango shi, ya juyo.

Da la'asar ya tarar da Inna ta riga ta zauna a ƙarƙashin jar saniya, bokiti tsakanin gwiwoyinta, tana yi mata hira ƙasa-ƙasa. Ta ɗaga hannu ke nan.

"Inna, kawo in karɓe ki."

Ta dube shi. Rabonsa da tatsa tun yana makaranta. Ya fara kame-kame, wai bayanta, wai rana, wai ta huta.

"Audugar nan da yarinyar ta sa mini a hanci," ta ce. "Ni ce, ko?"

Ya sunkuyar da kai.

Ta juya tafukanta tana kallo, kamar an ba ta aron su. Sannan ta dafa ƙasa ta miƙe, ba ta dafa saniyar ba kamar yadda ta saba. Ta fita ta tsaya bayan shinge, ta cusa hannayen cikin mayafi.

Dogo ya wanke hannu, ya sa safar, ya zauna a kujerarta. Saniyar ta waiwayo, ta buga ƙafa, ta riƙe madararta. Ya ja, ya sake ja, ko ɗigo.

"Ba ta son a fara da nonon hagu," in ji Inna daga nesa. "Kuma ka yi mata magana. Ka ce mata ina nan."