Haihuwar Ɗaya ga Janairu

A asibitin idon da nake aiki, duk wanda bai san ranar haihuwarsa ba, ɗaya ga Janairu aka haife shi. Baba Fayil, mai kula da ɗakin katuna, shi ya kafa wannan doka shekara ashirin da shida da suka wuce. Tsohuwa za ta zo taga, ya tambaye ta yaushe aka haife ta, ta ce shekarar da rijiyar unguwa ta rufta. Sai ya ƙare mata kallo, ya yanka mata shekaru, ya rubuta ɗaya ga Janairu. Mukan tsokane shi da cewa babu ungozomar da ta taɓa karɓar haihuwa a rana ɗaya kamarsa.

Mahaifiyarsa ma haka ya yi mata. Inna tana cikin jerin masu jiran aikin yanar ido, wanda likitocin waje ke zuwa yi sau ɗaya a shekara, mutum arba'in kacal. Shekara uku tana jira. Katinta a hannunsa yake, da ya so da tuni ya tura shi sama, amma ya ce layi layi ne. Bana ta kai lamba goma sha ɗaya.

Ana haka Manaja ya kawo manhajar ƙirƙirarriyar basira, muka laƙaba mata Gwana. Aka ɗauki hoton kati dubu sittin aka ɗura mata. Ta ce bayananmu sun yi datti, mutum ɗaya na da kati biyu ko uku. Ta ware dubu huɗu da take zargin maimaici ne, amma ba za ta haɗe su ba sai ma'aikaci ya duba ya danna amincewa.

"Ranka ya daɗe, a ba ni mako guda in bi su ɗaya bayan ɗaya," in ji Baba Fayil. "Sunaye suna kama, kuma ranar haihuwar nan ni ne na..."

"Kai ka ƙirƙiro ta, na sani," in ji Manaja. "Wanda ya dama ruwa shi zai tace. Likitoci na son jerin kafin ƙarfe biyu. Ko mu tambayi Gwana ko kai ma maimaici ne?"

Muka kwashe da dariya. Ni na fi kowa, don na daɗe ina haƙon kujerarsa ta kusa da taga. Ni ce kuma na nuna masa maɓallin da ke amincewa da duka a danna ɗaya. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya danna.

Washegari aka ce katunan takarda sun gama amfani. Shi aka sa ya tura su a baro zuwa ramin ƙona shara, sawu goma sha tara.

Ranar da aka liƙa jerin, ya zo da Inna riƙe da gefen rigarsa, ta sha sabon zane. Ya zaunar da ita a benci, ya bi sunayen da yatsa har ƙasa, ya sake bi. Sai ga shi a teburina.

"'Yata, duba mini."

Na duba. Akwai wata tsohuwa mai suna irin na Inna, unguwarsu ɗaya, ita ma ɗaya ga Janairu, shekarar ma ɗaya ya yanka musu. Ta rasu bara. Gwana ta mayar da su mutum ɗaya, matacce. A ƙasa an rubuta sunan wanda ya amince.

Ya shiga ofishin Manaja, ƙofa a buɗe, kowa na ji.

"Kawo katin asali in gyara," in ji Manaja.

"An ƙone, ranka ya daɗe."

"Wa ya ƙone?"

Manaja ya ci gaba:

"Gwana ba ta yi laifi ba. Tambaya ta yi, ka amsa."

"Ga ta can a benci da ranta, ranka ya daɗe. Leƙo ka gani."

"Ni ba benci nake dubawa ba. A yi mata sabuwar rajista, ta bi layi. Ba kai ke cewa layi layi ne ba?"

Ni na buga sabuwar rajistar. Lamba ɗari biyu da goma sha biyu ta samu, wato shekara biyar nan gaba, ga mace da likita ya ce idonta na dama ba zai kai baɗi ba. A gurbin ranar haihuwa na tsaya, ban san me zan sa ba. Kunya ta kama ni, amma kunya ba ta gyara jeri.

Yana komawa benci wayarsa ta yi ƙara. Gwana ce. Akwai saƙon da take aika wa dangin duk majinyacin da aka rufe fayil ɗinsa: asibiti na miƙa ta'aziyya, Allah ya ba da haƙurin rashi.

Inna ta karkato kunne. "Saƙon asibiti ne? Karanta mini."

Ya kalli wayar har ta mutu a hannunsa.

"Gaishe ki suke yi, Inna."

"Allah ya yi musu albarka," ta ce, tana lalubo hannunsa. "Ka gani ko? Da ka bi ta bayan fage da ba su girmama mu haka ba. To, wace rana za a yi mini?"