Suna a Rubuce da Fensir

Kyaftin ake kiransa a layinsu, ko da yake bai taɓa riƙe jirgi ba. Shekara goma sha ɗaya ya yi a sojan ruwa, kuma duk a can ƙasan jirgi ya yi su, inda ba a ganin teku sai dai a ji tana dukan ƙarfe. Aikinsa gwada ruwan da ake zuba wa tukunyar injin: ya ɗiba a 'yar kwalba, ya ɗiga magani, ya jira launi ya canza. Da ya ajiye kaki sai ya koma makaranta da gemunsa, ya karanci haɗa sinadarai, wani kamfanin sabulu ya ɗauke shi, ya ƙara shekara ashirin da shida a ɗakin gwaji. Yayarsa ce ta laƙaba masa Kyaftin don tsokana, sunan kuma ya zauna.

Abin da ya fito da shi daga aikin nan biyu ƙa'ida ce guda: ba a rubuta sakamako sai an yi gwaji sau biyu. Da matarsa ta rasu, 'ya'ya kuma kowa ya kama gabansa, sai ya sayi wani ƙaton littafi mai bangon fata ya fara tattara asalin gidansu, ya kuma ɗora wa dangi ƙa'idar da ya saba ɗora wa ruwa da sabulu. Duk sunan da ya ji daga baki biyu, ko baki ɗaya da takarda, sai ya rubuta shi da tawadar da yake haɗawa da kansa a kicin, wadda ruwa ba ya wankewa. Wanda ya ji daga baki ɗaya kuwa, fensir ne rabonsa har a samu na biyu.

Shekara bakwai yana wannan aiki. Ya shiga mota ya je garuruwan da ba a ma san shi ba, ya zauna gaban tsofaffin da ke mantawa da abin da suka ci da safe amma suna tuna wa ya auri wa. Littafin ya kai kakanni shida. Sai dai ba mai buɗewa. Babban ɗansa in ya kira waya sai ya ce, "Baba, yaya littafi?" kafin a ba shi amsa ya koma maganar hawan jini. 'Yarsa kuwa ta taɓa ɗora kofin shayi a kan bangon. Gidan ɗaki uku ne, shi kaɗai a ciki, da rediyon da yake bari a kunne don kawai a ji magana.

Wata Asabar da hantsi aka buga ƙofa. Mace ce mai kimanin shekara arba'in, doguwa, da jaka a kafaɗa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce Gwaggo ce ta turo ta, wato yayarsa. Ta ce ita 'yar ƙaninsa ce.

Ƙanin nan ya rasu tun Kyaftin yana teku, kuma a littafi babu kowa a ƙarƙashin sunansa. To ashe lokacin da yake aikin jirgin ƙasa a wani gari ya yi aure na 'yan watanni, suka rabu, ya rasu ba da jimawa ba, matar ta haihu a bayansa ta koma wajen danginta. Sai bara, da ciwo ya kwantar da uwar, ta faɗa wa 'yar inda za ta nemi 'yan uwan ubanta. Yanzu 'yar tana da shagon tabarau a cikin gari.

Kyaftin ya ba ta kujera. Ya ɗauko littafin don ya nuna mata shafi ɗaya, sai ga su har la'asar. Ita ce mutum ta farko da ta taɓa cewa, "Baba, tsaya, koma baya, wannan ɗan wa ne?" Ta dawo Asabar ta gaba, da ta gaba. Ta duba tabaransa ta ce, "Baba, wannan ai tun zamanin jirgi kake fama da shi. Da shi kake karatu ko da ƙarfin hali?" Ta kawo masa sabo. Tsofaffin wasiƙun da suka gagare shi ita ta riƙa karanta masa, yana rubutawa. Shi da ya saba dafa shayi kofi ɗaya, ya koma tun daren Juma'a yana wanke kofi na biyu yana kifewa.

A Asabar ta biyar ne ta buɗe shafin ubanta. Ta ga sunansa baƙi wuluk, da shekarar haihuwa da ta rasuwa. A ƙarƙashi ga nata sunan, siriri, fari-fari.

"Baba, tawada ce ta ƙare?"

"A'a, tana nan." Ya gyara zama, don yana son a tambaye shi yadda yake aiki. Ya yi mata bayanin baki biyu, dalla-dalla, kamar yadda yake yi wa sababbin ma'aikata a kamfani. Ya ce Yaya ta shaida, ita ta je asibiti ta ɗauke ta tana jaririya, ko da yake sai yanzu ta faɗa masa, wannan baki ɗaya ke nan. Takardar aure babu, waɗanda suka halarta sun rasu.

"Ni fa? Ga ni zaune."

"Ai ke abin da ake gwadawa ce, ba ki zama shaida ba." Ya yi 'yar dariya. Ita ba ta yi ba. Shi kuwa bai lura ba, don ya riga ya hango mafita, kuma murna ta kama shi. "Abu mai sauƙi ne yanzu. Akwai gwajin jini da ake yi, a ɗibi nawa a ɗibi naki. Sati biyu ya fito. Na san wani da muka yi aiki tare, zai yi mana da kyau. Ranar da takarda ta zo, a gabanki zan sa tawada."

Ta daɗe tana kallon shafin. Sannan ta ɗauki ƙaramar robar goge fensir da ke kan tebur, ta juya ta a hannu, ta ajiye.

"Wato in bai fito ba, da wannan za a bi ni."

"Ba haka nake nufi ba. Ƙa'ida ce kawai."

"Na gane, Baba. Ni ba gado na zo nema ba." Ta rufe littafin a hankali, ta ɗauki jakarta, ta durƙusa ta yi masa sallama kamar ranar farko. Shayinta ko rabi ba ta sha ba.

Asabar ta zo, ita ba ta zo ba. Ya zauna a falo da littafi a buɗe, duk motar da ta rage gudu a layin sai ya ɗaga kai. Wata Asabar ɗin ma haka. Ya kira waya sau biyu, ta ɗauka sau ɗaya, ta ce aiki ya yi yawa, ta gaishe shi gaisuwar da ake yi wa maƙwabci. Ya yi ta juya maganar a ransa, ya auna ta nan ya auna ta can, bai ga inda ya yi kuskure ba. Ai taimakonta ya so yi.

Ran Talata ya tafi wajen Yaya. Shekararta tamanin da huɗu, tana zaune a ɗakin baya a gidan ɗanta. Ido ya yi rauni, amma bakin yana nan daram.

"Kyaftin na ƙasan jirgi," ta ce tun kafin ya zauna. "An ce jini kake nema. Ka zama sauro?"

"Yaya, ki bari mana. Kin san yadda nake aikina."

"Na sani. Shekara bakwai kana zuwa kana tatsar bakina, in na faɗa ka ce sai ka ji daga wani. Na ƙyale ka, na ce mutum ne ba shi da abokin hira. To yau ni zan tambaye ka. Kai wa ya shaida ka?"

"Ni kuma?"

"Kai. Inna ta rasu, Baba ya rasu, matar da ta karɓi haihuwarka ta rasu. Takardar haihuwarka a ofishin soja aka yi ta, kai da bakinka ka faɗi shekara, har ka ƙara biyu don a ɗauke ka. Ni kaɗai na rage da na ga an haife ka, da kanka kamar tulu, kana ihu. Baki nawa ke nan?"

Ba ta jira amsarsa ba, ta ƙara:

"Da me ka rubuta naka sunan?"

"Da tawada."

"To madalla." Ta laluba ta jawo mayafinta. "Yarinya ta zo da ƙafarta, da goshin ubanta, da tafiyarsa, tana kiranka Baba. 'Ya'yan da ka haifa ma yaushe rabonka da su? Tashi ka ba ni wuri, na gaji."

Washegari da safe ya girgiza kwalbar tawada, ya gwada alƙalami a gefen jarida, ya bi kan fensir ɗin harafi bayan harafi. Ya jira ta bushe, ya naɗe littafin a tawul, ya sa a jaka, ya hau bas. Littafin bai taɓa fita daga gidan ba sai ranar.

Shagon ƙarami ne, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da takalma. Ya tarar tana gwada wa wata tsohuwa gilashi, tana nuna mata haruffa a bango. Ta gaishe shi, ta nuna masa benci. Ya zauna da jaka a cinya har mutum uku suka shiga suka fita. Da shagon ya yi sarari ya kwance tawul ɗin, ya buɗe shafin a kan tebur a gabanta.

Ta duba. Ta sa yatsa kusa da sunan, ba ta taɓa ba.

"An samu baki na biyun?"

"Ba a samu ba."

Ta gyaɗa kai. Ta jawo kujerarta ta zauna tana fuskantarsa, ta cire nata tabaran tana gogewa da gefen mayafi.

"Na gode, Baba. Amma ni abin da na yi ta son tambaya, duk zuwan nan da nake yi, ban samu fuska ba. Shi wane irin mutum ne? Yana da fara'a? Yaya muryarsa take?"

Kyaftin ya buɗe baki. Ya san shekarar da aka haifi ƙaninsa, ya san tashar da ya yi aiki, da lambar ma'aikacinsa, da ranar da aka binne shi, duk ya tabbatar da su sau biyu. Amma ya bar gida yaron yana ɗan shekara tara, in ya zo hutu kwana goma ne, rabi a yawo. Ya nemi muryar a kansa, ya neme ta sosai, bai ji komai ba sai ƙarar injin ɗinki daga wani shago.

"Yana da tsawo," ya ce. Can ya ƙara, "Yaya za ta fi ni sani."

"Haka ne. Ran Asabar zan je wajen Gwaggo in sha Allah."

Ya jira ko za ta ce daga can za ta biyo. Wani mutum ya shigo da tabarau mai karyayyen hannu, ta miƙe ta karɓa. Kyaftin ya naɗe littafinsa, ta rako shi bakin ƙofa, ta ce ya kula da tsallaka titi, ya gaida gida.

A bas ya samu kujerar taga. Ya rungume jakar, yana ta ƙoƙarin tuno ko ƙaninsa ya taɓa yin dariya a gabansa, har aka wuce tasharsu bai sani ba.