Gizagon Gidan Ma'azu

Ma'azu kafinta ya baje kayan aikinsa a kan tabarma kamar mai tallar kifi a kasuwar Kaoje. Wani ɗan kwangila ɗan garinsu ne ya kira shi aikin rufi a Legas, har da tikitin jirgin sama daga Birnin Kebbi.

'Yarsa Zubaida ce ke ba da umarni. Sau ɗaya ta taɓa hawa jirgi, amma tun daga ranar kunnen mutan gidan bai huta ba. Ta naɗe zarto a tsohon zane, ta cusa guduma tsakanin riguna, ta cire batirin injin huda katako ta sa a jakar hannu.

"Batir na tahiya tare da kai, Baba. Duk wani mai kaihi kuwa sai akwati, can ƙarƙashin jirgi."

Ma'azu ya janyo gizagonsa kusa da cinyarsa. Kakansa ne ya sayo shi wurin wani maƙeri a tsallaken iyakar Benin. A gidansu, wanda ke riƙe da shi shi ne mai shago, kuma gizagon ba ya kwana nesa da mai shi.

"Wanga aljihuna za shi shiga."

"Masu binciken hilin jirgi su amshe shi bakin ƙohwa, ka dawo kana ba mu labari."

"To akwatin, wa ka tsaron shi?"

"Allah ka tsaro, Baba."

"Na sani. Cikin mutane nika tambaya."

Ƙanensa Abbas, da ke ɗaure akwatin da igiya, ya tuntsire da dariya. Furfura ta fara leƙo masa a gemu, amma har yau shi ke danne katako yayansa na sara. Bai taɓa ƙorafi ba, kuma wannan shirun ya daɗe yana ba Ma'azu kunya.

Ma'azu ya sa Abbas ya buɗe akwatin. Ma'azu ya saka gizagon, ya ciro. Ya sake sakawa, zuciyarsa ta ƙi. Ya daɗe yana shafa ƙotar da hannun mahaifinsa ya goge har ta yi santsi.

Can sai ya miƙa wa Abbas, ƙota a gaba.

Dariyar Abbas ta ɗauke. Ya goge tafinsa a jikin riga, bai karɓa ba.

"Ajiya, Yaya?"

"Ka taɓa jin an ba da wanga ajiya? Amshi, hannuna ya gaji."

Abbas ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu. Zubaida ta sunkuyar da kai tana ninke rigar da ta riga ta ninke.

"In na dawo ka ɗauke ni aiki," in ji Ma'azu. "Amma hwa ba ni hitowa da sassahe."