Giram Ɗaya a Kowane Yunit

Da Wirat ya tura ƙofar tsohon rumbun shinkafar da ƙafa, hasken da ya fito sai da ya sa mahaifiyarsa Lamduan ta kare idanu da bayan hannu. Shekara arba'in tana shiga rumbun nan tana lalube cikin duhu da ƙaiƙayi. Yau ga shi an lulluɓe bangonsa da leda mai ƙyalli, fitilu goma sha biyu na reto a sama, wani sanyi mai daɗi yana dukan fuskarta a tsakiyar watan Afrilu.

"Inna, cire takalmi, kuma kada ki taɓa komai," in ji Wirat. Goye yake da mahaifinsa, Thongsuk, wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar shekara biyu.

Shukokin wiwi ne sahu-sahu, sun kai mata kafaɗa. Kawunansu sun rusuna don nauyi, suna walƙiya kamar an barbaɗa musu sukari. Babu ganye ɗaya da tsutsa ta taɓa. Lamduan ta tsinci kanta tana rage murya, kamar yadda take yi idan ta shiga haikali.

Tsohon ya daɗe yana kallo ta saman kafaɗar ɗansa.

"Babu fari a nan? Babu ambaliya?"

"Babu, Baba."

"To wa ke gaya musu gari ya waye?"

Wirat ya nuna wani ɗan agogo a bango. Thongsuk ya yi dariya da rabin bakin da ya rage masa.

"Maman Wirat, kin ji? Ɗanki ya sayo rana ya ɗaure ta a rumbu. Ni kuwa na ƙare shekara hamsin ina ɗaga kai sama kamar wawa."

"Da ma na sha gaya maka," in ji ta. Sannan ta juya ga ɗanta. "Wa zai sha duk wannan?"

"Baƙi masu yawon buɗe ido, Inna. Da marasa lafiya."

Ta tuna samarin da ke wuni a rumfar jiran mota da jajayen idanu, har da jikan maƙwabciyarta. 

* * *

Fitilun ba na Wirat ba ne. Da aka sassauta dokar hana noman wiwi, wani mai jari daga Bangkok mai suna Chaiwat ya raba su ga gidaje shida a ƙauyen, shi ke biyan kuɗin wuta, shi ke kwashe amfani. Sharaɗinsa ɗaya ne: ranar awo za a duba mitar wuta, kowane yunit na wuta ya zama ya haifi giram ɗaya na busasshen fure. Wanda ya gaza sau biyu, a kwance fitilu a kai gidan wani. Wirat ya riga ya gaza sau ɗaya, giram tara ya samu a yunit goma. Aikin masana'antar da ya bari a garin Chonburi kuma an ba wani.

Mita ɗaya ce ga gidan da rumbun. Don haka aka kashe firji, tukunyar lantarki ta koma cikin kwali, Lamduan ta dawo turara shinkafa a kan gawayi. Kullum da hantsi Wirat zai tsaya gaban mita da littafinsa yana motsa leɓe.

Wata rana tana ba tsohon kwaɗon gwanda a baki, ya kira ɗansa.

"Fankar nan tawa, nawa take ci?"

"Ba ta cin komai, Baba. Yunit ɗaya ne a wuni."

"Giram ɗaya ke nan."

"Baba, ka bar wannan maganar. Fitilun nan na cin ninkinta sau ɗari."

Washegari da ta dawo daga kasuwa ta tarar da fanka a kashe. Tsohon ya maƙalo wayar fankar da yatsun ƙafarsa mai lafiya ya fizge. Rufin kwano yana ƙas-ƙas don zafi, tabarmarsa ta jiƙe sharkaf.

"Kai tsoho, dahuwa kake son yi?"

"Na yi shuka a ranar da ta fi wannan."

"Lokacin kana da ƙafa biyu da hankali."

Ta mayar da wayar. Kashegari ya sake fizgewa. A rana ta uku da ta sunkuya za ta jona, ya kamo hannunta.

"Gona ce, Maman Wirat. Ban taɓa ganin irinta ba, kuma ta ɗana ce. Ba na iya riƙe fartanya. Bar ni in yi noma da abin da ya rage mini."

Duk da haka ta jona. Amma ba ta gaya wa Wirat ba, don ta ga wani abu a idon mijinta da ta yi shekara biyu ba ta gani ba.

* * *

Ranar awo, Wirat ya roƙe ta ta taya shi zuba furen a leda kafin yaran Chaiwat su iso. Ta bar tsohon yana gyangyaɗi, fanka na juyawa, ta ce masa yanzu za ta dawo.

Cikin rumbun babu rana, babu inuwar da za ta gaya wa mutum lokaci. Furen yana manne mata a yatsu kamar ƙaro, sanyi yana ratsa ƙashin bayanta da ya daɗe bai huta ba. Tana kallon tulin yana hawa kan sikeli, tana mamakin yadda ɗaki guda, ba damina ba taki na shanu, ya fi gonarsu duka kawo kuɗi. Ta ji daɗin zaman. Wannan ne abin da daga baya ta kasa gaya wa kowa.

Wirat ya latsa lissafi a wayarsa, ya sake latsawa, ya zauna daɓas a ƙasa.

"Giram goma sha ɗaya a yunit goma, Inna. Mun wuce. Je ki gaya wa Baba."

Da ta fito, rana ta riga ta karkata. Ta hau matakalar katakon gidan da sauri kamar yarinya. Ɗakin tsit, ba ƙarar fanka. Wayar fankar na nan tsakanin yatsun ƙafarsa. Ta kira shi da sunan da ba ta kira ba tun suna saurayi da budurwa, bai amsa ba.

* * *

Kwana uku gawa za ta yi a gida, sufayen haikali na zuwa karatu, kafin a kai ta haikali a ƙone. A irin wannan zafi ba a ajiye mamaci haka nan, sai aka turo akwatin sanyaya gawa na haikali a bayan a-kori-kura, dogo, mai adon ruwan zinare, da waya a gindinsa.

"Ina za mu jona?" in ji mai kula da akwatin.

"Dakata kaɗan, Kawu," in ji Wirat.

Ya je gaban mita. Idanunsa sun kumbura. An riga an jera sabon dashe a rumbu tun jiya. Ya kwafe lambar, ya ja layi a ƙasanta, ya juyo ya ga mahaifiyarsa na kallonsa.

"Don a cire wutar akwatin Baba daga lissafi ne, Inna."

Aka jona. Akwatin ya ɗauki gurnani a hankali. Lamduan ta zauna a gefensa, ta ɗora tafin hannu a kan murfin, tana jin ƙarfen yana yin sanyi kaɗan-kaɗan, har raɓa ta fara tsattsafowa a kansa.