Tukunyar da ke Ƙarƙashin Gadon Fraji

Tun da ɓarin jikin tsoho Fraji ya shanye, aikin tukunyar bayan gida ya faɗo kan ɗansa Huwita. Matar Fraji ta rasu, 'yan'uwa sun watsu ƙetare, kuma ba a barin suruka ta ga tsiraicin uban mijinta. To sai shi.

Huwita kuwa maƙerin azurfa ne, mai ƙyanƙyamin da duk unguwar Yahudawan tsibirin Jarba ta sani. Ko kifi aka soya a maƙwabta sai ya sake riga. Kullum da safe yakan cika ƙirjinsa da iska a bakin ƙofa, ya shiga, ya ɗora tsohon kan tukunyar ƙasa yana kallon rufi, ya goge shi da sauri. Sannan ya tura tukunyar ƙarƙashin gado da ƙafa, ya kifa mata tsohon faranti, wai sai yamma in titi ya yi shiru zai kai ta rami. Wata rana yammar ma ba ta zuwa. Taga a rufe saboda iskar teku. Don ya rage abin, sai ya riƙa zuba turaren wuta a kasko.

Turaren bai kori komai ba, aure ya yi da zarnin. Suka haifi wani wari mai zaƙi-zaƙi da ke maƙale wa gemu. Huwita yana jinsa a shago, yana jinsa cikin shayinsa, har a jikin azurfar da yake gogewa.

Ana haka tsohon ya daina cin abinci.

Gazala matar Huwita ta kawo gurasa mai zafi da man zaitun, ya dube ta ya juya fuska bango. Ta yi kuskus da kifi yadda yake so, ƙudaje suka ci. Likita ya duba ya ce maƙogwaro lafiya lau. Abin da ya fi damun Gazala shi ne shirun. Wannan mutum ne da ko ruwa bai taɓa kurɓa ba sai ya yi wa Ubangiji godiya, in ya shaƙi furen lemo da addu'arsa, in ya ji tsawa da tata. Yanzu bakin a kulle kamar an ɗinke.

"Sarkin tsafta," ta ce wa mijinta, "Baba fa ƙarewa yake yi."

"Ni ma ƙarewar nake yi, ba wanda ya lura."

A ransa ya riga ya yanke cewa gayya ce. Tsoho ya ga an gaji da shi, yana so ya mutu ya bar masa abin gori.

Ranar Juma'a da hantsi katifar tsohon ta kai inda ba dama. Huwita ya ɗaga gefenta ya ga ƙasan ya yi baƙi, yana naso, wasu fararen abubuwa na motsi a ɗinkin. Gazala ta ce ba za ta kunna fitilar tarbar Asabar, ranar ibadarsu, da wannan abu a gidanta ba. Dole ya sungumi tsohon, wanda ya gama da tukunya ke nan, ya wanke shi, ya fito da shi tsakar gida gindin lemo. Nauyinsa bai fi na kwandon wanki ba.

Iska ta kaɗa. Fraji ya shaƙa, ya sake shaƙa, kamar mai bincike. Sai ya miƙa hannunsa mai lafiya wajen buta. Gazala ta zuba masa ruwa. Leɓɓansa suka fara motsi, karkataccen bakin yana jan kalmomi, yana gode wa Wanda ya yi jikin ɗan Adam da ƙofofi da hanyoyi, waɗanda in na rufe ya buɗe ko na buɗe ya toshe, ba mai iya tsayawa. Addu'ar fitowa daga bayan gida ce, wadda Huwita ke haɗiyewa kullum yana ɗaure wando.

Da ya gama ya ce, "'Yata, gurasa."

Huwita na tsaye rungume da katifa. Tun yana ƙarami ya san ba a ambaton sunan Ubangiji inda ƙazanta take ko inda warinta ke kaiwa, turare kuma ba ya wanke ɗaki. Ya san ubansa ba zai sa loma a baki ba tare da ambaton ba. Shi ne bai taɓa haɗa biyun ba.

"Baba, me ya hana ka faɗa mini?"

"Ina ganin fuskarka in ka shigo, ɗana. Ban so in ƙara maka zirga-zirga."

Huwita ya yar da katifar ya koma ɗakin. Ya buɗe taga, ya durƙusa ya jawo tukunyar da hannu biyu. Farantin ya zame, abin ya fantsamo masa a yatsu, da ɗuminsa. Ya fita da ita titi da rana tsaka, matan da ke dawowa daga gidan gasa burodi suna toshe hanci suna ba shi hanya. A bakin rami ya juye ta, ya fasa ta, sannan ya dafa bango ya yi amai har idonsa ya yi ja.

Ƙyamar ba ta tafi ba, gobe ma tana jiransa. Ya wanke hannu da toka da sabulu, ya sansana, ya sake wankewa. Da ya dawo ya tarar tsohon na tauna a hankali, mai na bin gemunsa, yana tambayar Gazala ko kifin jiya ya yi saura.