Sanarwar Rasuwar Ɗan Shatu

Da hantsi aka aiko wa Ladan Mainasara cewa Ɗan Shatu mai gurmi ya cika. Za a yi jana'iza bayan azahar, kuma a garin nan nasu na ƙasar Zango, ladan ne ke sanar da rasuwa a lasifikar masallacin Juma'a.

Yana buɗe ɗakin lasifika sai ga Alhaji Sabiru, shugaban kwamitin masallaci.

"Ladan, sunansa na yanka za ka faɗa. Malam Abdulmuhaimin Sama'ila. Ban da gurmi, ban da Ɗan Shatu."

"Ranka ya daɗe, wa ya san shi da wannan suna? Ko matarsa sai ta yi tunani."

"Shekara uku ke nan da zuwan Shari'a, mutumin nan ya rataye gurminsa bai ƙara taɓawa ba. Abin da bawa ya bari, kai ne za ka tono masa a ɗakin Allah? Rufa masa asiri. In kuwa na ji kiɗa ya shiga lasifikar nan, ka ajiye makulli."

Maganar ba ta banza ba ce, shi ya sa ta tsaya wa Mainasara a rai. Ya faɗi sunan yanka sau uku, ya fito ya zauna a dakali yana kallon hanya. Mai shayi bai ɗago kai ba. 'Yan acaɓa suka ci gaba da musun ƙwallo. Wata tsohuwa ta tsaya ta ce, "Ladan, baƙo ne ya rasu? Allah Ya jiƙan Musulmi," ta wuce da ƙwaryarta.

Shi kuwa ya san wanda ya rasu. Shekara tara yana yi masa amshi kafin ya zama ladan. A wurinsa ya koyi inda ake ajiye numfashi, da yadda ake jan murya ba tare da ta karye ba. Ɗan Shatu bai taɓa yi wa mai kuɗi kirari ba. Waƙarsa ta mai takaba ce, da ɗan ci-rani, da wanda gonarsa ta ƙi. In ya ja wannan baitin nasa, "Wanda ya tafi bai ƙi ka ba, kiransa aka yi," ƙattin maza sukan sunkuyar da kai. Har yau direbobin Mai'adua in sun wuce shingen bincike sai su mayar da kaset ɗinsa.

To, tuba ya yi, ko hana shi aka yi? Mainasara bai taɓa tambayarsa ba, yanzu kuma babu mai ba da amsa. Abin da ya sani, rana na ɗagawa, kuma mutum shida ne a ƙofar gidan mamacin.

Ya tashi ya koma ɗakin lasifika.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Jama'a, Malam Abdulmuhaimin da na faɗa ɗazu, Ɗan Shatu ne. Ɗan Shatu mai gurmi. Wanda ya taɓa share muku hawaye, yau ga shi kwance. Jana'iza bayan azahar ne."

Lugude ya tsaya a gidajen bayan masallaci. Sai aka ji kukan mace ɗaya, wata ta karɓa. 'Yan acaɓa suka watse, wasu suka nufi Baure, wasu ƙauyukan bakin iyaka don kai labari, ba wanda ya aike su. Chidozie mai kayan gyaran babur ya ja ƙofar shagonsa ya zo da gudu.

"Ladan, da gaske? Malamina ne fa! A kaset ɗinsa na koyi Hausa."

"Shi ya sa kake yi wa masu ciniki magana kamar mai ta'aziyya," in ji Mainasara, idonsa cike da ƙwalla.

Kafin azahar filin ƙofar masallaci ya cika, sahu ya kai gindin tsamiyar kasuwa. Liman ya duba jama'a, ya gyara rawani, ya ta da kabbara. Chidozie da 'yan'uwansa suka tsaya gefe, huluna a hannu.

Ana sallamewa Alhaji Sabiru ya matso ya miƙa tafinsa.

"Na faɗa maka, Ladan."

"Ka faɗa, ranka ya daɗe. Ban ce ba ka da hujja ba."

Mainasara ya kwance makullin daga igiyar wuyansa ya ba shi. Shekara goma sha shida yana ɗauke da shi.

Sannan ya kutsa wajen makara don ya sa kafaɗa. Ina! Direbobi da manoma da mahauta sun yi mata caa, kowa taku biyu sai a karɓe. Tun daga masallaci har maƙabarta yana miƙa hannu, bai samu ya taɓa ko gefenta ba. Bai taɓa jin daɗin rasa wuri irin na ranar nan ba.