Wurin Zaman Usaina

Jirgin ya fi hasumiyar masallacin Juma'a tsawo, fari fat, yana tsaye a kan wani ruwa mai shuɗin da Hasana ba ta taɓa gani ba ko a jikin atamfa. Duk girman nan nasa a tafin hannun Naziru yake, cikin gilashin waya mai tsaguwa a kusurwa. Ta ɗauke ƙafa daga keken ɗinki, ta leƙo.

"Wanga gida ne ko jirgi?"

"Duka biyun," in ji shi. "Kin ga can ƙasa, inda babu taga? Nan mijinki ke kuka kullum. Ba don kewarki ba fa, albasa ce."

Ta ja bakin mayafi ta rufe dariyarta.

Naziru ɗan masunta ne na bakin gulbin Gummi. Neman abinci ya kai shi Legas, daga wannan otal zuwa wancan, har ya zama mai girki a wani jirgin shaƙatawa da ke zagaya tsibiran Karebiyan. Hutu ya zo, aka ɗaura musu aure bayan ƙaramar Salla. Kamfaninsu yakan ba ma'aikacin da ya yi aure ɗaki a kan rangwame, matarsa ta bi zagaye guda a matsayin baƙuwa. Sharaɗin ɗaya ne: ya aika da sunanta kafin ya bar gida ranar Asabar. In bai aika ba ɗakin ya zama na wani, ita kuma ba za ta sake ganin fuskarsa ba sai damina ta zagayo.

Ya riga ya auna komai kamar mai auna gishirin miyar baƙi. Fasfo a Gusau, da katin rigakafin shawara. Motar Sakkwato ta safe, lokacin da hanya ke da mutane, don yanzu ba mai hankalin da ke bin ta da yamma. Jirgin sama zuwa Legas, wani zuwa Landan, inda sai da bizar wucewa ko da ba za ta leƙa waje ba, sannan Barbados. A can zai tsaya jiranta a bakin ƙofa da farar hularsa ta aiki, ko da shugaban kicin zai yanka shi.

"Abinci fa?" ta tambaya.

"Ni ne abincin. Naman da ban yarda da yankansa ba ba zai zo gabanki ba. Kifi kuwa sai kin ce ya isa."

"Alƙibla fa, tunda gidan naku yawo yake?"

"Waya ke nunawa. Wani lokaci ki ta da kabbara kina kallon gabas, kafin ki sallame jirgi ya ɗan juya. Na tambayi malam, ya ce Allah ya san niyya."

Daga nan ya shiga nuna mata wuraren da ake sauka, cike da ɗoki. Ga kasuwar kayan ƙamshi a Grenada, inda ƙamshin kanumfari ke tarar mutum tun daga kan tsani. Ga ƙaramin jirgi mai gindin gilashi, ana zaune ana kallon kunkuru suna wucewa ƙarƙashin ƙafa. Ga Saint Lucia, wasu duwatsu biyu masu tsini sun fito daga cikin teku kafaɗa da kafaɗa. A kan wannan hoton yatsan Hasana ya daɗe.

"Doka ɗaya ce mai tsanani," ya ci gaba, bai lura ba. "In an sauka da safe, sai a dawo kafin lokacin da aka yanka. In ya cika, jirgi ya yi kuka, a janye tsani. Ba ya jiran kowa."

"Wanda anka bari fa?"

"Sai ya tsaya a bakin ruwa yana ɗaga hannu. Mu kuma muna sama muna..."

Bai ƙarasa ba. Ta riga ta mayar da kanta kan keke. Rigar da ke ƙarƙashin allura irin wadda ke rataye a bayan ƙofa ce sak, yadi ɗaya, ɗinki ɗaya, har aljihun. Tun da ya san ta haka take, komai biyu. Ko lefe da zai kawo, sai da ƙanwar mahaifiyarsa ta ja shi gefe ta ce kowane turmi ya zo da ɗan'uwansa. Ɗaya Hasana ta ɗaura, ɗaya a bayar sadaka da sunan Usaina, don abin da aka yi wa tagwai guda ana yi wa ɗayan.

Usaina kuwa shekararta huɗu, kuma a huɗun nan ta tsaya. A Yargalma aka haife su, lokacin da maza ke kawo dutsen zinariya cikin gida ana niƙawa, yara na wasa a cikin garinsa mai laushi kamar na tuwo. Shekarar da gubar dalmar da ke cikin garin dutsen ta shiga kwashe yara, Hasana ce ta fara sanƙarewa. Motar likitoci ta zo ɗaukar waɗanda ciwo ya fi kayarwa zuwa asibitin Bukkuyum, wuri kuma ya yi kaɗan. Usaina na tsaye da ƙafarta, har tana tsalle, sai aka bar ta wurin kaka. Ta bi motar da gudu har bakin gari tana kiran 'yar'uwarta. Ranar da aka sallamo Hasana, ƙasar kabarin ta riga ta bushe.

Tun daga ranar babu inda aka sake zuwa ba da ita ba. Da za su ƙaura zuwa Gummi, Inna ta tsaya a bakin zaure ta ce, "Usaina, taso mu tahi," aka bar ɗan wuri a kujerar baya. Hasana ta gaji kiran nan daga wurin Inna. Ko kasuwa za ta, ko gidan biki, sai ta tsaya a ƙofa ta faɗe shi ƙasa-ƙasa. Daren da aka kawo ta ɗakinsa ma Naziru ya ji ta faɗa, ya ɗauka addu'a ce.

Washegarin ranar da ya nuna mata jirgin, da hantsi, ya tafi gaida surukarsa. Ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya durƙusa nesa da tabarmarta, idonsa a ƙasa. Inna na tsince shinkafa a faifai, ba ta dube shi ba, kamar yadda ya kamata. Bayan gaisuwa ya jero mata tsarin tafiyar, ya ƙara da cewa akwai likita a jirgin, akwai rigar ruwa ga kowane mutum.

"Duk na jiya," in ji Inna. "Matarka ce. Ko bangon duniya kac ce, ba ni hana ta."

"Na gode, Inna."

"Kan ɗayar nika magana. Kar ta kira ta."

Sai yanzu ya gane kiran da ya ɗauka addu'a ce. Wata kaza ta matso faifan, Inna ta kore ta da bayan hannu.

"Yarinyar nan ba ta taɓa shiga ruwa ba, ko na gulbi. A kai ta inda ruwa ba shi da gaɓa, a sauka nan, a sauka can, cikin mutanen da ba su jin Hausa? In hankalinta ya tahi ga wani abin wasa, jirgi ya tashi, wa zai san an bar ta? Wa zai koma ɗauko ta?"

"Inna," ya ce a hankali, "yaran da suka rasu suna Aljanna, a hannun Annabi Ibrahim."

"Na sani. Ni ma na shiga makarantar allo." Ta tsame wata tsakuwa ta jefar. "Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba mai. Kai ka ɗauke guda, Allah ya ba ku zaman lafiya. Ku bar min guda."

Ya dawo gida da nauyin da bai fita da shi ba. Da ya faɗa wa Hasana, ba ta yi mamaki ba. Ta ajiye almakashi, ta zauna a bakin gado, ta haɗa hannuwanta a cinya.

"Ka gani ke nan, Sarkin Ruwa," ta ce, don ba ta kiran sunansa. "In na kira ta, na raba Inna da ita. In ban kira ta ba, na sake shiga mota na bar ta tana gudu. Ba na tuna fuskar likitan, ba na tuna asibitin. Muryarta kawai nika tunawa, tana ƙanƙancewa a bayanmu."

Ya so ya ce mata yana sonta fiye da yadda teku ke da faɗi, ya ga maganar ta yi ƙarama. Yakan kwana a ɗakin da ba taga yana ƙirƙiro ta a tsaye a saman jirgi, iska na kaɗa mayafinta, yana nuna mata duniya da yatsa. Bai taɓa sa wata yarinya a cikin hoton ba.

"To mu gwada," ya ce. "Gulbi na nan. Dama ina son in ga ko kina da jiri a kan ruwa, in san maganin da zan saya. Mu haye mu dawo. In kin ji ba za ki iya ba, wallahi na bar maganar."

Ranar Juma'a da safe suka gangara mashaya. Ruwa ya cika ya kawo, ja kamar kunun kanwa, fadamar shinkafa na sheƙi a hayin. Makau, abokin wasan Naziru tun suna ninkaya tsirara, ya matso da kwalekwalensa yana washe baki.

"A'a! Mai jirgin Turawa a kwalekwalen talaka? Ka yi haƙuri, ango, namu ba shi da bene, ba a kuma raba shayi."

"Kai dai tuƙa a hankali, kar ka zubar min da amarya."

"In ta faɗa ni zan tsamo ta. Kai ai ruwan kwano kas sani yanzu."

Suna cikin haka sai ga Inna ta gangaro da ƙaramin kwando, wai kifi ta zo saye, ita da ba ta taɓa zuwa sayen kifi da kanta ba. Ta tsaya a kan tudu, nesa kaɗan da mata masu wanki. Hannunta na dama na sauke a gefenta, yatsun a dunƙule sako-sako, daidai tsayin da hannun ƙaramin yaro zai kai.

Hasana ta sa ƙafa ɗaya a cikin kwalekwale, ɗayar na kan laka. Leɓɓanta suka buɗe kamar kullum. Naziru ya kau da kai don kada idonsa ya tura ta ko'ina.

"Usaina," ta ce. "Ki zauna wajen Inna. Yanzu nika dawowa."

Ta shiga. Makau ya dafa gora ya tura.

Ta zauna a gefen hagu, Naziru a dama, yatsunta sun kama katako gam. Gaɓa ta soma ja da baya. Ba ta waiwaya ba. Hawaye na bin kumatunta, amma idonta na kan hayin, kan wasu balbelu da suka tashi daga cikin shinkafa. Da suka kusa tsakiya ta saki hannu ɗaya, ta taɓa ruwan da yatsa.

"Da sanyi," ta ce.

"Jiri fa?"

"Babu." Ta ja numfashi mai tsawo, irin wanda bai taɓa jin ta ja ba. "Ka aika musu da sunana."

Bai jira ta maimaita ba. Ya zaro waya yana lalube, yatsunsa na kuskuren haruffa, yana dariya shi kaɗai. Ya rubuta, ya tura.

"Amarya," in ji Makau daga baya, "ki ɗan matso tsakiya. Jirgin ya karkata wajenki."

Naziru ya ɗago. Ya ninka Hasana a jiki, kowa a Gummi ya san haka, kuma babu kaya a cikin kwalekwalen sai ƙoƙon kwarfar ruwa. Amma gefenta ne ya nutsa, har ruwa na lasar bakin katako.

"Ikon Allah," Makau ya ce, yana gyara riƙon gora. "Me kika ci haka da safe?"

Hasana ta matso tsakiya a hankali, ta tattara bakin zanenta, ta bar ɗan wuri tsakaninta da gefen jirgi. Kwalekwalen bai daidaita ba. Sannan ta juya ta kalli gaɓar da suka baro.

Inna na nan a kan tudu, ta zama ƙarama saboda nisa. Kwandon na ƙasa. Ta buɗe tafin hannunta tana dubawa, ta duba dama, ta duba hagu, ta duba bayan mata masu wanki. Can ta ɗago kai ta kalli ruwa.

A hannun Naziru wayar ta yi ƙara. Saƙo ya isa.